Ranar da Muka Bar Gwaggo Ita Kaɗai

Jawabin Malam Abdulkahar Ringim, mai kula da ɗakin karatu na cibiyar binciken kimiyya, a taron tunawa da marigayi Dakta Kamilu Muntaka Kiyawa, a Dutse.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Kafin in gai da kowa, kwamitin shirya wannan taro ya ɗora mini nauyin wata babbar sanarwa, wadda sai da ya yi doguwar muhawara kafin ya cimma matsaya a kanta. Ga ta: ruwan ledar da ke ƙarƙashin kujerunku na sha ne. Na alwala yana cikin butoci a bakin ƙofa. Kwamiti ya ce in jaddada, ga shi na jaddada. Wanda ya riga ya yi alwala da nasa, Allah Ya karɓa, amma ba za a ƙara masa wani ba.

To, yanzu sai gaisuwa. Wakilin Mai Martaba, Allah Ya ja zamanin Sarki. Hakimi, ranka ya daɗe. Liman da sauran malamanmu, Allah Ya gafarta muku. Shugaban wannan cibiya, Farfesa, da manyan ma'aikata. Mahaifin marigayi, Alaramma Malam Muntaka, wanda ya taso daga Kiyawa duk da ciwon ƙafar da ke damunsa. Malama Rakiya, matar marigayi, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba. 'Ya'yansa, Nana Aisha da Abdulrauf. Ɗalibai, abokan aiki, maƙwabta, da duk wanda ya baro abin da yake yi ya zo: sannunku da zuwa, Allah Ya ba da lada.

Ni ba masanin kimiyya ba ne. Aikina kula da littattafai da hana mutane surutu, kuma a na biyun ban taɓa yin nasara ba. Abin da ya haɗa ni da Kamilu bango ne. Ɗakin karatuna yana wannan gefe, ɗakin gwajinsa yana wancan. Shekaru muka yi ina jin duk abin da yake yi ba tare da na fahimci ko ɗaya ba, kamar maƙwabcin maƙeri.

Amma ina da dalilin tsayawa a nan. Ranar da muka koma Kiyawa yin gaisuwa, Alaramma ya riƙe hannuna ya ce, "Abdulkahar, an ce mini garin zuwa jana'izar yaron nan kun bar injinsa ya lalace. Gaskiya ne?" Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ba mu sani ba tukuna." Sai ya ce, "To in kun sani, ka faɗa mini. Ba na son a ce mutuwarsa ta ci aikinsa." Tun daga ranar nake ɗauke da wannan tambaya. Yau na zo da amsarta. Sai dai Alaramma ya yi mini haƙuri kaɗan, don ɗansa ne ya koya mana cewa ba a tsallake mataki.

Ga waɗanda ba su taɓa leƙa ɗakin ba, bari in faɗi abin da ke ciki. Wata tukunyar ƙarfe ce, ta kai girman babbar randa. Ana zuƙe iskar cikinta tas, a zafafa ta, sannan a shafa wa gilashi wani sinadari siriri wanda ido ba ya gani. Da irin wannan gilashi ake neman yin farantin sola da zai jure zafin bazarar Jigawa ba tare da ƙarfinsa ya ragu ba. Abin da ke zuƙe iskar wani famfo ne mai fukafukai a cikinsa, yana juyawa da gudun da ba zan faɗa ba, kada a ce na fara ƙarya a wurin addu'a. In iska ta faɗa masa yana cikin wannan gudu, fukafukan su tarwatse. In ruwan da ke sanyaya tukunyar ya tsaya alhali tana da zafi, ta ƙone. Komai da jerinsa: a rufe wannan bawul, wato marufin bututu, kafin a buɗe wancan, a kashe wuta kafin a tsayar da ruwa. Saboda saurin fushinta da son a bi ta a hankali, ɗalibai suka sa mata suna Gwaggo.

Famfo biyu aka ba mu kyauta tare da ita. Na farko ya tafi tun kafin Kamilu ya zo, ranar da aka ɗauke wuta wani ya ruɗe ya buɗe abin da ya kamata ya rufe. Ina ɗakina na ji ƙarar, kamar an watsar da kwandon cokula daga saman bene. Saura ɗaya. Kowa a cibiyar nan ya san cewa in na biyun ya bi ɗan'uwansa, babu na uku. Ɗakin zai koma ma'ajiyar karyayyun kujeru, ɗaliban da karatunsu ya rataya a kansa kuma su kama gabansu.

A wannan hali Kamilu ya same mu. Ya kasance ɗan makarantar allo kafin ya zama ɗan boko, ya sauke a gaban mahaifinsa kafin ya san menene kwamfuta. Karatu ya kai shi Turai, wani wuri da ake harba ƙwayoyin zarra su yi karo da juna a cikin rami ƙarƙashin ƙasa. A can ya koyi rubuta manhajar da ke tafiyar da manyan na'urori ba sai mutum ya bi su da hannu ba. An roƙe shi ya zauna. Ya dawo Dutse, ya hau babur, ya zo ya sami Gwaggo da takarda manne a bango, an rubuta abin da za a yi in wuta ta ɗauke, rabin rubutun ya goge.

Wata rana na tare shi a baranda na ce, "Dakta, wai me kake rubutawa ne kullum? Na ga allo cike da da'ira da kibiya, kamar hatimi." Ya ce, "Malam, bar batun lissafi. Ɗauki na'ura kamar mai salla. A kowane lokaci tana cikin hali ɗaya: ko tsayuwa, ko ruku'u, ko sujada. Ba ta cikin biyu a lokaci guda. Kowace da'ira hali ce. Kowace kibiya kuma hanyar da aka yarda ta bi zuwa hali na gaba, in sharaɗi ya cika. Ba a tashi daga kabbarar harama a faɗa tahiya." Na ce, "To in an yi mantuwa fa?" Ya yi dariya ya ce, "Ai nan aikin yake. Ka tuna littattafan fiƙihun da aka karantar da mu? Rabinsu 'idan' ne. Idan ya manta, idan ya yi kokwanto, idan ya tuna bayan ya miƙe. Malaman nan sun zauna sun hango duk hanyar da ɗan Adam zai iya ɓata, suka tanadi gyara. Abin da nake rubuta wa Gwaggo ke nan."

Alaramma, ka ji. Mu muna tsammanin daga Turai ya ɗauko. Shi kuwa cewa ya yi daga zaurenka ne.

Ya sa wa halayen suna da Hausa, suna fitowa ɓaro-ɓaro a fuskar kwamfuta: Barci, Shiri, Zuƙa, Aiki, Hucewa. Daga ranar da ya gama, babu wanda ya ƙara iya buɗe bawul ba bisa ƙa'ida ba. Ko Farfesa ne ya danna, in lokaci bai yi ba, Gwaggo sai ta ƙi. Na taɓa ganin haka da idona, kuma ban ga Farfesa ya ji daɗi ba. Ranka ya daɗe, an wuce wurin.

Ya kasance mutum mai tambaya ɗaya a bakinsa: "Idan fa?" Malama Rakiya ta taɓa gaya wa iyalina cewa ko suna za su je Ringim, sai ya tsaya a bakin mota yana cewa, "Idan taya ta yi faci fa? Idan ta biyun ma ta yi fa?" har yara su yi barci a kujera. Malama, mun san kin sha fama. Mu ma mun sha. Amma mutumin da ya san ba a fafe gora ranar tafiya, dole wani lokaci ya ɓata wa masu sauri rai.

Ya kasance ba ya ɓoye abin da ya sani. Mun ga masu ilimi da ke riƙe makulli a aljihu don a riƙa nemansu. Kamilu kuwa sai ya zaunar da ɗalibi ya ce, "Ɓata ta." A cikin kwamfuta, ba a tukunyar gaske ba. "Ɗauke mata wuta, tsayar mata da ruwa, yi mata duk muguntar da ka iya, mu ga inda za ta faɗa." Wanda ya gano hanyar da Dakta bai hango ba, shi ke cin tsire ranar.

Ya kasance na mutanensa. Tankin ruwan makarantar Alaramma da ke ambaliya kullum, shi ya sa masa ɗan abin da ke kashe famfo in ya cika. Daga nan masallatan unguwa suka ji labari, daga nan asibitin garin, har ya zama ba ya zuwa Kiyawa ran Asabar sai da waya da filaya a jaka. Bai taɓa cewa ya gaji ba. Cewa yake, "Bari in gani."

Ya kasance mai haƙuri da maƙwabci, kuma a nan ni ne shaida, don ni ne maƙwabcin. Bayan ya gama manhajar, sai ya ƙara mata wata ɗabi'a. In Gwaggo tana Aiki, lokaci-lokaci sai ta yi wani kuka, ƙit-ƙit-ƙit, ba za ta daina ba sai wani ya zo ya danna maɓalli, alamar akwai mutum a kusa. Kukan nan yana ratsa bangona. Na same shi na ce, "Dakta, ɗakin karatu nake riƙe da shi, ba kejin kaji ba. Wannan kiran na mene ne?" Ya ce, "Tambaya take ko akwai kowa. In ta kira ta kira ba a amsa ba, sai ta shiga wani hali da na ƙara, sunansa Babu Kowa. Ta kashe kanta a hankali, bi da bi." Na ce, "Yaushe aka taɓa rasa kowa a nan? Ga ɗalibai, ga masu gadi, ga Ɗan'inna mai janareto da ko abinci a gindin injinsa yake ci."

Abin da ya ce mini ban manta ba. Ya ce, "Malam, inda na koyi aikin nan, ko shugaban wurin ne ya faɗi ya mutu, wanda ke kan aiki ba ya tashi daga kujerarsa. Haka suka tsara, kuma yana yi musu. Mu ba haka muke ba. Mu in aka ce wane ya rasu, jana'iza bayan azahar, kowa ajiye abin hannunsa yake ya tafi. Kuma ni ba na so mu daina. To tunda ba zan canza mutane ba, gara in koya wa Gwaggo zaman kaɗaici."

Jama'a, kun san sauran, amma ba ku san shi daga ciki ba.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Da hantsi labari ya iso cibiya cewa Allah Ya yi masa rasuwa, za a yi jana'iza a Kiyawa bayan azahar. A lokacin Gwaggo tana tsakiyar Aiki. A cikinta akwai gilashin Zaituna, babbar ɗalibarsa, wadda ta yi watanni tana shirya shi. Zaituna ta fito tana kuka, ta ce wa Ɗan'inna ya sa ido, ta shiga motar mata zuwa gidan rasuwa. Ɗalibai suka hau babura. Farfesa ya ɗauki waɗanda motarsa za ta iya ɗauka. Ni ma na kulle littattafaina na bi. Kowa ya tafi da tabbacin cewa an bar wani.

Muka yi salla, muka kai shi makwancinsa. Ana cikin mayar da ƙasa, na ɗaga kai na ga wani mutum ya tuɓe hula, ya naɗe hannun riga, yana ta aiki da shebur, gumi na zuba. Na ce a raina, wannan ƙeyar na san ta. Farfesa ma ya gan ta. Da aka shafa addu'a, ya matsa kusa da shi ya ce a hankali, "Ɗan'inna, wa ka bari a wurin Gwaggo?" Ɗan'inna ya share fuska ya ce, "Ranka ya daɗe, ai na ɗauka kai ka bar wani." Farfesa ya ce, "Kai aka ce ka tsaya!" Ya ce, "An ce. Na kuma ce to. Amma da na ga motar ƙarshe za ta tashi, sai na ce, mutumin da ya yi wa ɗana huɗuba, a binne shi ina zaune ina gadin janareto? Ranka ya daɗe, ko kai ba ka tsaya ba."

Na duba maƙabartar nan na ga cibiyarmu kaf, har da mai shara da masu gadin ƙofa. Sai wani ya kira Dutse a waya, aka ce masa ai tun azahar aka ɗauke wuta a unguwarmu.

Muka biya gidan rasuwa muka ɗauko Zaituna. Hanyar Kiyawa zuwa Dutse ba ta da nisa, amma ranar ta yi mini tsawo kamar ta Makka a ƙafa. Da duwatsun gari suka fara bayyana, Zaituna ta ce, ba da kowa take ba, "Malam ya gwada Babu Kowa a kwamfuta. Bai taɓa gwada shi a gaske ba."

Muka buɗe ɗakin. Shiru. Babu hayaƙi, babu ƙauri. Zaituna ta taɓa jikin tukunyar, ta yi sanyi. Kwamfutar tana nan da ɗan sauran batir, ga rubutu a fuskarta. Zaituna ta karanta, ta kasa ƙarasawa, sai ni na ƙarasa. An rubuta: "Babu kowa. Na kira ba a amsa ba, na rufe da kaina. In rasuwa aka yi, Allah Ya ji ƙan mamacin."

Na karanta littattafai da dama a kan mutuwa, na malamai da na masu hikima. Ban taɓa cin karo da mutumin da ya rubuta wa wani addu'a, bai san ko wane ne ba, ta zo ta faɗa a kansa ba. Ɗan'inna ya zauna a ƙasa ya ce amin. Duk muka ce amin.

Amma wannan bai amsa tambayar Alaramma ba, shi ya sa na ce masa ba mu sani ba. Wutar ta ɗauke ne famfon bai gama tsayawa ba. Ko batir ya riƙe bawul ɗin a rufe har ƙarshe, ko iska ta sami hanya ta yi ɓarna a ciki, babu mai iya sani sai an sake tayar da ita. Wa zai tayar? Aka kafa kwamiti, kamar yadda muka saba, aka sa ni a ciki don ina da rubutu mai kyau. Aka sa wa ɗakin kwaɗo. Ra'ayi ya rinjaya cewa a jira gwani daga waje. Aka aika, aka jira, damina ta shiga ta fita, gwani bai zo ba. Zaituna ta riƙa zuwa tana tsayawa a gabanmu. Ta ce, "Malamai, ba fa a kansa ya tafi da ilimin Gwaggo ba. Ya rubuta, ya koya mana, ya sa mun ɓata ta mun gyara. In akwai matsala, ita da kanta za ta ƙi wucewa Shiri. Ku ba ni makulli." Muka ce mata ta yi haƙuri. Ta dawo. Muka ce ta ƙara haƙuri. Ta sake dawowa, har Farfesa ya gaji da ganinta a bakin ofis.

Makon jiya aka ba ta makullin. Muka tsaya a bayanta, wasunmu kusa da ƙofa, saboda dalilai na tsaro. Ta yi bisimilla ta danna. Barci ya koma Shiri. Gwaggo ta duba ruwanta, ta duba bawul-bawul ɗinta, ta ɗauki lokacinta kamar tsohuwa mai ɗaura ɗankwali. Sannan ta wuce Zuƙa. Famfon ya fara juyawa, sautinsa ya yi ta sirancewa har ya koma wannan zirin ƙara da na yi shekaru ina ƙorafi a kansa. Babu cokula. Babu kwando. Ta shiga Aiki.

Alaramma, ga amsarka. Gilashin da ke ciki ranar jana'iza ya lalace, wannan gaskiya ne, don Gwaggo ta zaɓi ta tsira da tukunya ta bar miya. Zaituna ta shirya wani, yana ciki yanzu haka da nake magana. Amma injin ɗanka lafiya lau yake. Mutuwarsa ba ta ci aikinsa ba. Aikinsa ne ma ya ba mu damar zuwa mu binne shi gaba ɗayanmu, ba wanda ya rage a baya. Ka kwantar da hankalinka, Allah Ya gafarta Malam. Mu ma yau muka sauke numfashin da muka riƙe tun daga maƙabarta.

Malama Rakiya, ba mu da abin da za mu ba ki a madadinsa. Amma ki sani ƙofar cibiyar nan taki ce, kuma duk abin da ya taso, kada ki tsaya tunanin wa za ki kira. Ki kira kowa. Nana Aisha, Abdulrauf, in kun girma wani ya ce muku mahaifinku mai yawan tambaya ne, ku ce haka ne. Ku zo a nuna muku ɗakin. Ku ma ku riƙa tambaya.

Muna godiya ga Mai Martaba da ya turo wakili, ga Hakimi da malamai, ga mutanen Kiyawa da suka karɓe mu ranar da muka cika musu gari, ga duk wanda ya zo yau. Allah Ya ji ƙan Kamilu, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa ilimin da ya bari ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Allah Ya ba Alaramma da Malama Rakiya haƙurin rashinsa, Ya raya abin da ya bari, Ya shirya su. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sa mu bar abin da zai tsaya da ƙafarsa bayanmu. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.

Saura magana ɗaya, gajeriya. Zaituna, a kwamiti ni ne na ce na'urar da ubangidanta ya rasu marainiya ce, ba za ta ƙara tashi ba sai an kawo mata baƙo. Ke kika ce tana da 'yan'uwa a gida. Ni na yi kuskure. Sakatare, a rubuta.